Sassaƙen Inna

Tun ranar da muka dawo daga Labanon ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a shagon Ba'indiyen nan na bayan tashar bas ta Al Sabkha, inda mutanenmu suke taruwa bayan la'asar, sai wani ya jawo kujera: "Sabo, wai da gaske dutse kuka je hawa? To me kuka saro?" In na ce ba mu saro komai ba, sai a riƙa yi mini kallon wanda ya gano wata kasuwa ya ɓoye. Ɗan Kano bai yarda mutum ya hau jirgi ya sauko ba ko kwali ɗaya a bayansa ba. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Na kuma nemi izinin Mamman Sani kafin in ɗauki biro, domin fiye da rabin labarin nasa ne.

Ni dai aikin kago nake yi a wani ɗan ofis a Al Buteen, ina haɗa wa 'yan kasuwa kayansu a kwantena zuwa gida. Mamman Sani kuwa mutumin Damagaram ne, kayan gyaran wayar salula yake sayarwa. Ɗakinmu ɗaya a Bur Dubai, kullum da safe tare muke tsallako ruwa a abra, ƙaramin jirgin katakon nan mai tafiya yana tari. Bokon Faransanci ya yi, shi ya sa nake ce masa Mushe, wato malam da Faransanci, shi kuma ya ce mini Ɗan Kano. Mutum ne mai kunyar tsiya, irin wanda za a taka wa ƙafa shi ya ba da haƙuri.

Wanda ya gayyace mu sunansa Wa'il, ɗan Labanon, ma'aikaci a kamfanin jiragen ruwan da muke kama kwantena a wurinsu. Ya daɗe yana cika mana kunne da ƙauyensu: wai a kan dutse yake, wai iskar can kaɗai magani ce, wai akwai wani gandun daji da aka killace, cike da itacen nan na jikin tutarsu da suke kira arzu, kuma baffansa na cikin masu gadinsa. A shekarar kasuwa ta yi sanyi, sai mu wuni a ofis muna kallon juna, kwantena ta ƙi cika. Da ya ce zai je hutu mu bi shi, na ce me zai hana. Ni abin da ya ja ni zafin Dubai ne da ya fara kunno kai.

Mamman Sani nasa dalilin daga baya ya zo. Da ya kira mahaifiyarsa ya gaya mata inda za shi, sai ta ce an taɓa gaya mata a ƙasar nan itacen da Annabi Sulaimanu ya yi gini da shi yake. Inna ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa, har salla a zaune take yi. Ta ce ya sassaƙo mata ɓawon itacen ta jiƙa ta sha, amma daga jikin tsohon, ba ta son na yaron itace. Ya ce, "To, Inna." Tunda ya zo Dubai, shekara da shekaru bai leƙa gida ba, kuma matar nan ba ta taɓa roƙonsa ko ɗankunne ba, a garin da zinare ke zube a taga. Wannan ne abu na farko da ta nema a wurinsa.

Matsalar ita ce Wa'il ya riga ya gaya mana dokar wurin. Ko ganye ba a tsinka. Ya ce akwai baƙon da ya taɓa sassaƙa sunansa a jikin wani itace, saura kaɗan baffansa ya rasa aikinsa a kan haka, kuma tsohon ya yi wata bai iya haɗa ido da mutanen ƙauye ba.

Ranar da muke haɗa kaya na ga Mamman Sani yana cusa 'yar wuƙa a cikin safa, ya tura ta ƙasan akwatin da za a auna.

Na ce, "Mushe, ka tambayi Wa'il mana."

Ya ce, "Bon, in na tambaya ya ce a'a fa? Na sa shi jin nauyi, ni ma na ji kunya, kuma an sa mini ido. Kamar ɗan yatsa ɗaya zan ɗiba, Ɗan Kano. Ka rufa mini asiri."

Ban ce na yarda ba, ban kuma ce zan tona ba. Da wannan abin a cikinmu muka hau jirgi.

Tafiyar ba nisa, kafin in gama barcin farko an ce mu ɗaura bel. A filin jirgin Bairut jami'in da ke duba fasfo ya juya koren fasfona gaba da baya, ya tambaye ni abin da ya kawo ni. Na haɗa Larabcin kasuwa da Turancin kago na ce itace na zo kallo. Ya dubi kaftanina, ya dubi hulata, ya sake tambaya. Nan Mushe ya matso ya saki Faransanci. Wallahi fuskar mutumin nan take ta sake, suka shiga hira kamar 'yan aji ɗaya, ya buga mana hatimi har da fatan alheri. Muna fitowa Mamman Sani ya gyara wuyan riga ya ce, "Ɗan Kano, yau Turancinka a Al Sabkha ka baro shi." Shekara nawa ina yi masa tsiyar Faransanci, a rana ɗaya ya fanshe.

Wani ɗan uwan Wa'il ne ya ɗauke mu a wata tsohuwar Marsandi. Da ya ji daga Kano nake sai ya saki sitiyari ya juyo gaba ɗaya ya ce, "Sannu, yaya kasuwa?" Iyakar Hausarsa ke nan, a wurin wani kawunsa da ya yi zaman sayar da yadi a Kano ya koya. Na amsa masa, na kuma roƙe shi ya dubi gabansa. Muka bi gefen teku, muna wuce gidaje masu kyau, jefi-jefi kuma wani gini da harsashi ya yi wa zane ba a gyara ba. A shingen sojoji na sa hannu a aljihu irin na gida, sai na ga soja ya ɗaga kai kawai mun wuce. Na zaro hannuna a hankali, na yi kamar hankici nake nema.

Daga nan hanya ta miƙe sama, ta kama murɗewa. Ni dutsen da na taɓa hawa a duniya Dala ne, shi ma muna yara. Kunnuwana suka toshe, direba kuwa yana shan kwana yana nuna mana gonar zaitun ɗin kakansa da hannu biyu. Duk addu'ar da na sani na karanta, har wadda ba ta hawa mota ba.

Da yamma muka isa. Gidan dutse ne mai jan rufi, da rumfar inabi a ƙofa wadda ba ta gama fitar da ganye ba. Baffan Wa'il, Abu Salim, yana tsaye yana jiranmu: gajeren tsoho mai farin gashin baki, da baƙin wando buje da farar hula. Su mutanen Duruz ne, al'umma ce mai addininta daban, ba sa kuma yawan magana a kansa, mu ma ba mu tambaya ba. Matarsa, Ummu Salim, ta lulluɓe da farin mayafi, ta dafa ƙirji ta gaishe mu. Abin da ya fara kashe mini jiki shi ne ɗakin da aka ba mu. Mun tarar an shimfiɗa sabuwar darduma an daidaita ta da alƙibla, ga buta da ruwan ɗumi a gefen murhun da ke tsakiyar ɗaki. Mutanen da ba sa salla irin tamu, su suka tuna cewa ruwan dutse zai yi mana sanyi wajen alwala. Na dubi Mamman Sani, na ga ya sunkuyar da kai yana kallon akwatinsa.

Bayan magariba aka kawo wani abu da suke kira matte. Ganye ne ake cusawa a ɗan ƙoƙo a zuba ruwan zafi, a zuƙa da wani tsinken ƙarfe mai huji. Ƙoƙo ɗaya ne yake zagaya kowa, mai gida yana goge bakin tsinken da ɓawon lemon tsami kafin ya miƙa wa na gaba. Ɗacinsa ya kai na shuwaka. Ni da na zuƙa sau ɗaya na miƙa na ce shukran, daga nan aka riƙa tsallake ni. Ashe al'adarsu ke nan, godiya ita ce alamar ka ƙoshi. Mushe kuwa kunya ta hana shi buɗe baki, duk zagaye sai an miƙo masa, shi kuma ya karɓa da hannu biyu. Abu Salim ya yi ta murna ya samu baƙo mai son matte. Na san maganin abin, amma na tuna filin jirgi, na ƙyale shi ya sha.

Abinci kuwa ƙananan kwanuka ne suka cika tire: zaitun, da wani kindirmo mai kauri da aka tsiyaya wa mai, da ganyayyaki, da gurasa mai faɗi siririya wadda Ummu Salim ta gasa a bayan kasko. Na yi ta jiran a kawo ainihin abincin, ashe shi ke nan. Akwai wani jan abu mai laushi da aka tura gabana don girmamawa, na kai loma biyu kafin Wa'il ya ce ɗanyen nama ne aka daka da alkama. Na haɗiye ta uku da ƙyar, ina murmushi. A gida ko tsire bai gasu ba sai an mayar wa mai nama, ga ni nan na ci ɗanye har ina yabawa.

Washegari Wa'il ya kai mu wani tsohon gari a gindin dutsen, inda sarakunansu na da suka zauna. Akwai fada mai tsakar gida da ruwa ke tsartuwa, da zauruka masu bakan gizo na dutse ba siminti ba ƙarfe, sun daɗe a tsaye ba su tsage ba. A dandalin garin tsohon masallaci da coci suna kallon juna, tsofaffi na shan gahawa a tsakaninsu. Mamman Sani yana karanta bayanan da aka rubuta da Faransanci yana fassara mini, ni kuwa ina auna zaurukan da ido ina lissafin kwali nawa kowanne zai ci. Wa'il ya ce, "Habibi, ka bar kago a Dubai mana." Na ce ido ne ya saba.

Rana ta uku ita ce ta hawan dutse. Na fito da kaftani da takalmi sau-ciki, Abu Salim ya dubi ƙafata ya girgiza kai, ya koma ciki ya ɗauko mini takalman ɗansa masu nauyi da sanda da wata jibgegiyar rigar sanyi. Ba na son a ga hoton da aka ɗauke ni a ranar. Mamman Sani ya sa jakarsa a kafaɗa, na kuma san abin da ke aljihun wandonsa.

Tsohon nan ya kai saba'in, amma yana gaba yana tafiya kamar zai je sayo goro. Ni kuwa ba mu yi nisa ba na fara haki, ina tsayawa ina yi kamar kallon gari nake. Sai ya waiwayo ya ce, "Shwayya shwayya," wato sannu sannu, ya jira ni. Ya nuna mana inda aladen daji suka tone ƙasa da dare, da sawun kyarkeci a taɓo. Dabbobin kansu ba mu gan su ba, ni kuma ban damu da mu gaisa ba. A wani wuri na tsinci ƙayar beguwa, doguwa mai baƙi da fari, na ce na samu tsaraba, na soke ta a hula. Abu Salim ya zo yana dariya, ya zare ta a hankali ya mayar inda na ɗauka. Ya ce wani abu, Wa'il ya fassara: "Wai ta 'yan gida ce, dabbobin dajin." Ƙaya ce fa wadda mai ita ma ta yar. Na saci kallon Mamman Sani, fuskarsa ta yi wani iri.

Muna cikin tafiya tsohon ya tsaya ya nuna sama. Tsuntsaye ne masu dogayen ƙafafu, da yawan gaske, suna kewaya cikin iska ba sa ko kaɗa fiffike. Ya ce daga Afirka suke dawowa, kowace shekara ta nan suke bi. 'Yan uwan shamuwarmu ne, sai dai sun fi ta girma da fari. Mamman Sani ya cire hula ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce a hankali, "Kun baro su lafiya?" Ban yi masa dariya ba, domin ni ma a lokacin gida ya faɗo mini a rai.

Can sama muka tarar da sauran dusar ƙanƙara a inuwar duwatsu. Na damƙa na sa a baki, ba ta da ɗanɗanon komai, na taka don in ji yadda take, ta kwashe ni na zauna daɓas. Ina karkaɗe riga muka shiga cikin itatuwan.

Ni ba mai kwatanta daji ba ne, amma wurin yana da shiru da ƙamshi irin na sabon akwatin katako. Tsohon itacen da ake magana yana tsakiya. Mu huɗu da mun haɗa hannu ba za mu zagaye shi ba, rassansa kuma a kwance suke, hawa-hawa, ba sama suka miƙe ba. Abu Salim ya dafa shi kamar yadda mutum ke dafa kafaɗar yayansa. Ya ce babu wanda ya san shekarunsa tabbas, amma ya girmi duk garin da muka gani jiya.

Azahar ta yi. Tsohon ya duba rana ya nuna mana alƙibla, ya ajiye jakar abinci a gindin itacen, ya ce su za su gangara wajen maɓuɓɓuga shi da Wa'il, kada su tsaya mana a ka. Suka juya suka tafi, ko waiwaye bai yi ba.

Muka yi salla. Muna sallamewa Mamman Sani ya miƙe ya zaro wuƙar. Na tsaya ina kallon hanya kamar mai gadin ɓarawo, ban san lokacin da na zama haka ba. Ya zagaya bayan itacen, ya ɗora bakin wuƙar a kan ɓawon. Na jira in ji ƙarar kankara, ban ji ba. Da na leƙa sai na gan shi tsaye, goshinsa a jikin itacen, wuƙar a hannu bai yanka ba.

Ya ce, "Ɗan Kano, mutumin nan don mu yi salla ya juya mana baya."

Na ce, "Haka ne."

Ya ce, "Akwai wani maɗaci a ƙofar gidanmu, muna yara a inuwarsa muke wasa. Kowa ɗan yatsa ɗaya yake ɗiba. Yanzu kututture ne."

Ya naɗe wuƙar ya zauna a ƙasa. Shekarun da muka yi a ɗaki ɗaya ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Ya ce, "To me zan ce wa Inna? Abu ɗaya tak ta roƙe ni."

Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Sai na tuna yadda muke yi a gida: abin da mutum ba zai iya faɗa da bakinsa ba, wakili yake turawa, ko neman aure ne ko ban haƙuri. Da tun a Dubai na yi wannan tunanin da ba mu kai nan ba. Ban nemi shawararsa ba, na ɗauki sandata na gangara.

Na same su a bakin ruwa, na gaya wa Wa'il komai, tun daga gwiwar Inna har safar da aka ɓoye wuƙa. Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Da wuƙa, Sabo? Kuna cin abinci a gidan baffana da wuƙa a akwati?" Ya juya ya fassara wa tsohon da zafi-zafi. Abu Salim ya saurara har ƙarshe, ya tambaya ko ya yanka. Na ce a'a. Ya sake tambaya ko uwar tana iya tafiya. Na ce da sanda, daga ɗaki zuwa tsakar gida. Ya wanke hannunsa a ruwan, ya kama hanyar komawa sama.

Ya je ya zauna kusa da Mamman Sani, ya miƙa masa tafin hannu. Mamman Sani ya ɗora masa wuƙar ba tare da ya ɗago ba. Ni na ɗauka shi ke nan, za a kai mu ofis. Sai tsohon ya buɗe jakar abinci, ya buɗe wuƙar, ya yanka cuku da tumatir da ita, ya naɗe a gurasa ya miƙa wa kowa. Da muka gama ya goge ta a wandonsa ya mayar wa mai ita. Sannan ya yi magana da Faransanci a hankali, daga baya Mushe ya gaya mini abin da ya ce. Wai daga jikin wannan ba zai iya ba shi ba, ko reshen da ya faɗi da kansa, domin ba nasa ba ne, amana aka ba shi. Amma a bayan gidansa akwai wanda yake nasa.

Da muka sauko ya kai mu bayan gida. Wani arzu ne dogo, ya ce mahaifinsa ya dasa shi shekarar da aka haife shi, amma a lissafin irin wannan itace har yanzu yaro ne. Ya sa zarto ya yanke reshen ƙasa, ya zauna da kansa ya sassaƙe ɓawon ya ƙulle a tsumma. Ya kuma ce shi bai san ko shan sa yana magani ba, a tambayi likita kafin a jiƙa. Ummu Salim ta kawo kwalbar man zaitun da aka haɗa da man wani ganye, ta ce da shi surukarta take shafa gwiwa, ta nuna yadda ake murzawa. Wa'il bai kusance mu ba sai bayan la'asar, da ya zo ya zauna ya miƙa wa Mamman Sani ƙoƙon matte. Wannan karon na raɗa masa ya ce shukran.

Da safe, kafin mota ta zo, Abu Salim ya sake fita da mu zuwa gefen gandun, inda suke dasa sababbi. Ya kawo wani ɗan dashe a leda wanda bai kai tsawon tafin hannu ba, ya ba Mamman Sani fartanya ya ce ya haƙa da kansa. Bayan an rufe ƙasa ya ɗauko wani faffaɗan dutse da fenti, ya tambayi sunan uwar. Mamman Sani ya yi tsuru-tsuru. Tsohon ya ɗauka bai ji ba, ya maimaita. Dole na shiga tsakani na bayyana musu cewa a wurinmu ɗa ba ya kama sunan mahaifiyarsa, ko da wuƙa a wuya. Suka yi mamaki ƙwarai. Abu Salim ya ce to da me yake kiranta? Aka gaya masa. Ya rubuta Inna a jikin dutsen, ya kafa shi kusa da dashen.

A jirgin dawowa na ba shi shawara irin tawa. Na ce, "Mushe, sassaƙe fa ba shi da takardar haihuwa. Ka ce na tsohon itacen ne, khalas, an gama. Ni zan sa maka shi a kayan farko da za su tashi." Ya ce, "Na ƙi satar wa Inna, sai in yi mata ƙarya?" Amma da muka iso ya kasa kiranta. Kullum sai ya sayi katin waya ya sa a aljihu, mu tsallaka ruwa mu dawo da shi bai kankare ba.

Ranar Juma'a bayan masallaci, muna zaune a bakin ruwa muna jiran abra, ya kankare katin ya kira wayar ƙanwarsa, aka kai wa Inna. Wayarsa irin mai ƙarar nan ce, ina jin komai. Bayan gaisuwa ya gaya mata duka, bai rage ba: dokar wurin, da wuƙar, da tsohon da ya juya baya, da cewa abin da ya samo na yaron itace ne, da man shafawar da aka ba shi, da dashen da aka sa wa sunanta. Da ya gama ya duba fuskar wayar ko kati ne ya ƙare.

Sai muka ji muryarta. "Wannan da kuka dasa, wa zai riƙa ba shi ruwa?"

Ya ce, "Tsohon ne, Inna. Ya ce zai riƙa hawa yana ba shi har ya kama ƙasa."

"Da tsufansa zai riƙa hawa dutse saboda ni? Allah ya bar masa gwiwoyinsa." Ta ɗan yi tari. "Da ka yanka, da abin kunya ka aiko mini in sha. Na yaron ma ya isa."

Mamman Sani ya share fuska da hannun riga ya ce, "To, Inna. Ga abokina nan mai kago, zai sa a kayan da za su tashi sati mai zuwa."

Ta ce, "A'a. Kada ka ba kowa. Man nan ai ka ce murzawa ake yi, kuma kai aka nuna wa. Ka kawo da hannunka."

Abra ta zo ta cika ta tafi ba mu shiga ba.

To masu tambayar me muka saro, abin da muka saro ke nan: ƙullin sassaƙe ɗaya da kwalbar mai, suna kan kwabar ɗakinmu, duk kayanmu sun ɗauki ƙamshin dajin nan. Ni mai kago an hana ni ɗauka. Mamman Sani ya riga ya yanki tikiti, jibi zan raka shi filin jirgi.